Ƙuri'ar da Ba Mu Kaɗa Ba: Sharhi Kan Takardar da Ta Haifi Google

Yayata marubuciya ce. Shekara shida ke nan tana rubuta labarai a waya, tana sakin su shafi-shafi a zaurukan WhatsApp da daddare bayan yara sun yi barci. Akwai littafinta guda da ya yi farin jini har sai da ta buɗe zaure na uku saboda biyun farko sun cika. Wata Asabar na je gaishe ta, ban ko gama zama ba ta miƙo min wayarta. Ta rubuta sunan littafin a wurin bincike, ga sakamako ya fito reras: shafuka huɗu ko biyar, kowanne ɗauke da labarin daga farko har ƙarshe, tallan caca da na maganin ƙiba sun kewaye shi. Biyu sun cire sunanta gaba ɗaya, ɗaya kuma ya sa sunan wata.

"Kai da ka karanta kwamfuta," in ji ta, "gaya min, wane ne yake zaune a can yana cewa ɓarawo ya hau sama, mai kaya kuwa ko a ƙasa babu shi?"

Na ce, "Yaya, babu kowa a zaune. Lissafi ne."

Ta ce, "To, lissafin ba shi da adalci."

Maganar nan ta bi ni har gida. A daren na nemo wata takarda da na taɓa karantawa a jami'a don cin jarrabawa kawai, na sake bin ta a tsanake. Ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford da ke Kaliforniya, Sergey Brin da Larry Page, su suka gabatar da ita a taron masana yanar gizo da aka yi a birnin Brisbane na Ostareliya a watan Afrilun 1998, suna bayanin ƙirar wani injin bincike da suka raɗa wa suna Google. Sana'ata ƙirƙirar manhaja ce, kuma na san mai karatu ya fi sabawa da sharhin hikaya da waƙa. Amma ita ma wannan takarda rubutu ce. Tana da abin da ta ɗauka game da halin ɗan Adam, tana da jarumi, tana da abin da ta kau da kai a kansa. Jikokinta ne kuma yau ke yanke wane labari mai karatu zai fara cin karo da shi. Don haka ta cancanci irin karatun da muke yi wa littafi: a faɗi inda ta burge, a faɗi inda ta yi tuntuɓe.

Yabon kai jahilci

Sai mun tuna yadda abin yake kafin 1998 za mu gane girman aikin da samarin nan suka yi. A lokacin hanya biyu ake bi a nemo abu a intanet. Ta farko irin ta Yahoo ce, wanda Jerry Yang da David Filo suka fara a 1994: mutane ne ke zama su duba shafuka ɗaya bayan ɗaya, su jera su rukuni-rukuni kamar ma'aikatan laburare. Da shafuka suka fara ninkawa, hannu ya kasa. Ta biyu irin ta AltaVista ce, wanda ya fito a 1995: na'ura ke bin shafuka tana tara kalmomin cikinsu, in ka nemi "magani" ta kawo maka waɗanda suka fi ambaton magani. Aibin wannan a fili yake, shafi ne ke ba da shaidar kansa. Mai wayo sai ya rubuta kalma ɗaya sau ɗari biyar da farin rubutu a kan farin fili, idon mutum bai gani, na'ura kuwa ta ƙirga ta kai shi sama. Brin da Page sun kawo misali mai ban dariya: a Nuwamban 1997, cikin manyan injinan bincike huɗu na kasuwa, ɗaya ne kaɗai ke fito da shafinsa cikin goman farko in an rubuta sunansa.

Dabararsu ita ce a daina tambayar shafi, a koma tambayar maƙwabtansa. Kowane shafi yana ɗauke da mahaɗai, wato shuɗin rubutun nan da ake latsawa a faɗa wani shafin, wanda muke kira linki. Suka ce duk mahaɗin da wani ya sa zuwa gare ka, a lissafa shi a matsayin ƙuri'a. Ba daga sama suka ciro tunanin ba. Tun 1964 Eugene Garfield ya fitar da wani kundi da ke ƙirga sau nawa masana kimiyya suka ambaci aikin juna, bisa cewa takardar da aka fi kafa hujja da ita ta fi tasiri. Kuma ba su kaɗai suka hango amfanin mahaɗai ba: Robin Li, wanda daga baya ya kafa Baidu a Sin, ya gina nasa tsarin tun 1996, Jon Kleinberg ma yana kan irin wannan bincike a lokaci guda.

Abin da suka ƙara shi ne cewa ƙuri'a ba ɗaya ba ce. Nunin babba ya fi nunin yaro nauyi, kuma mai nuna kowa da kowa nuninsa ba ya tsada. A ce shafin wata babbar jarida yana da nauyi 100. Tsarin zai ɗauki kashi 85 cikin ɗari na wannan nauyi ya raba wa shafukan da jaridar ta yi nuni gare su. In biyar ne, kowanne ya tashi da 17. In ɗari ne, ko 1 ba zai kai ba. Ita ma jaridar nauyinta daga masu nuna ta ya fito, su ma nasu daga masu nuna su. Kamar magana mai zagaye, amma lissafi ya san maganinta: a fara da ba kowa rabo daidai, a yi ta maimaita rabon har lambobin su daina motsi. Wannan awon suka kira PageRank, kuma sun gwada shi a kan shafuka miliyan 24.

Ga jarumin takardar. Sun ce ka ƙaddara wani mutum ne marar aikin yi ya zauna gaban kwamfuta yana latsa mahaɗai barkatai, daga wannan shafi zuwa wancan, ba ya komawa baya. Lokaci-lokaci sai ya gaji, ya yi tsalle ya faɗa wani shafin daban, ya sake farawa. Darajar shafi ita ce yawan yiwuwar ka tarar da wannan mutum a cikinsa. Bari mu kira shi Ɗan Yawo, mu kuma riƙe shi a zuci, don za mu sake haɗuwa da shi.

Akwai dabara ta biyu da ba a cika ambata ba. Kalmomin da aka rubuta a jikin mahaɗi, injin yana ɗaukar su a matsayin bayanin shafin da aka nuna. In mutum dubu suka nuna shafinka da kalmomin "girkin miyar kuka", to kai mai miyar kuka ne, ko da ba ka taɓa cewa haka da bakinka ba. Sunan da jama'a ke kiranka da shi ya fi wanda ka raɗa wa kanka ƙarfi.

A nan dole a sara wa takardar. Gajeriya ce, babu kurari, kuma ta gano abin da kowane ɗan kasuwa ya sani: baƙo in ya shiga gari yana neman mai kayan kirki, ba ya tambayar mai shago, yana tambayar mutane, kuma ya fi yarda da nunin dattijon da ake shakka. Ta mayar da wannan hikima lissafi, lissafin kuma ya yi aiki. Sai dai ginin gaba ɗaya a kan zato uku ya tsaya, kuma ukun duk sun tsage.

Zato na farko: mai nuni ba shi da wata manufa

A 1998 wannan kusan gaskiya ne. Masu sa mahaɗi malaman jami'a ne da ɗalibai da masu sha'awa, suna nuna abin da ya burge su don ba su san ana ƙirgawa ba. Ranar da aka san ana ƙirgawa, ranar shaidar ta fara lalacewa. Masanin tattalin arzikin Ingila Charles Goodhart ya yi irin wannan gargaɗi tun 1975 a fagen kuɗi, ma'anarsa dai da zarar awo ya zama abin nema, sai a fara algus a mudu.

Aka fara buɗe dubban shafukan bogi da ba su da aiki sai nuna juna. Aka fara sayar da mahaɗi kamar yadda dillali ke karɓar la'ada ya kai ka shagon da ya biya shi. Wasu ma don tsokana suka yi: a 2003 masu adawa da Shugaba George W. Bush suka haɗa baki suna nuna shafin tarihinsa na Fadar White House da wasu kalmomi biyu masu ma'anar "mummunar gazawa", har ya zama in ka nemi kalmomin shi ke fitowa na farko. Sai a Janairun 2007 Google ya toshe wannan ƙofa. A Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda katafaren kantin J.C. Penney ya yi watanni yana zuwa na ɗaya a binciken riguna da zannuwan gado da dardumai, ta hanyar dubban mahaɗai da aka dasa a shafukan da ba su da wata alaƙa da kaya. Kantin ya ce bai san an yi ba, ya sallami kamfanin da ke yi masa aikin, Google kuma ya jefo shi ƙasa.

Tun daga nan tarihin bincike ya zama tsere tsakanin mai gadi da ɓarawo. A Janairun 2005 Google da Yahoo da Microsoft suka amince da wata alama da mai shafi zai maƙala wa mahaɗi, ma'anarta: na nuna, amma ban tsaya masa ba. A 2011 aka kawo gyaran da ake kira Panda don rage wa shafukan da ba su da tsoka daraja, a Afrilun 2012 aka kawo Penguin don hukunta masu mahaɗan algus. A 2019 aka ƙara alamu biyu, ɗaya ta mahaɗin da aka biya kuɗi, ɗaya ta wanda baƙi suka rubuta.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne asarar da masu gaskiya suka yi. Tun 2007 Wikipedia ta sa alamar "ban tsaya masa ba" a kan duk mahaɗan da ke fita daga cikinta, manyan shafukan sada zumunta ma haka suke yi. Wato wuraren da talaka zai iya yin nuni cikin sauƙi, nuninsa a can an rage masa nauyi. Zaɓen da aka fara da sunan kowa da kowa ya koma hannun masu shafin kansu.

Zato na biyu: kowa daga layi ɗaya ya tashi

Wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi. Shafin da ke sama shi ake gani, wanda ake gani shi ake nunawa, wanda ake nunawa shi ke ƙara hawa. Masanin zamantakewa Robert Merton ya bayyana wannan ciwo a 1968 a tsakanin masana kimiyya: sananne kan kwashe yabon da ya fi aikinsa, sabon shiga kuwa ko ya yi irin aikin ba a waiwayarsa. Brin da Page sun aro ƙirgar ambato daga duniyar masana, suka haɗa da ciwonta. A da, mutum kan tsinci shafi ta hanyoyi da dama kafin ya nuna shi. Da injin ya zama ƙofar shiga, sai ya zama shi ke nuna wa mutane abin da za su nuna, sannan ya dawo ya ƙirga nuninsu a matsayin shaida.

Wani zai ce ai yanzu ba mahaɗai kaɗai ake dubawa ba. Haka ne. Ana duba ma'anar tambaya da sabuntar shafi da garin da mai tambaya yake. A 2014 aka fara fifita shafuka masu tsaron HTTPS, a 2015 aka fara fifita masu buɗewa da kyau a waya, a shekarar kuma aka shigo da RankBrain mai koyo daga bayanai. A 2019 BERT ya zo don fahimtar jimla gaba ɗayanta maimakon tsintar kalmomi. A 2016 wani jami'in Google ya lissafa mahaɗai cikin manyan alamu uku, a 2023 wani jami'in, Gary Illyes, ya ce sun fita daga ukun. Da rubutun manhajar Yandex na Rasha ya fallasa a Janairun 2023, an ga jerin alamu 1,922 a fayil guda.

To me ya hau kujerar da mahaɗi ya sauka? Amsar ta fito a kotu. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google a 2023, babban jami'in sashen bincike Pandu Nayak ya yi bayanin wani tsari mai suna Navboost, wanda ke ajiye tarihin abin da mutane suka latsa na tsawon wata 13 yana gyara jeri da shi. Takardun cikin gida da suka fallasa a Mayun 2024 sun ambaci latsawa mai kyau da marar kyau da wadda mai karatu ya fi daɗewa a bayanta, ko da yake kamfanin ya yi gargaɗin kada a yanke hukunci da bayanan da aka tsinta ba a mahallinsu ba. A shari'ar ne aka ji cewa a 2021 kaɗai Google ya biya dala biliyan 26.3 don ya zama injin da waya da burauza ke zuwa da shi, kuma a ranar 5 ga Agustan 2024 Alƙali Amit Mehta ya yanke cewa ya yi babakere ba bisa doka ba.

Latsawa ta fi mahaɗi kusa da talaka, don kowa na da yatsa. Amma ita ma abin da aka sa a gaban mutum yake latsawa, kuma yawanci na saman. Ga kuma inda abin ya fi ciwo. Yarinya ta nemi littafin Yayata, ta latsa shafin da ya sace shi, ta yi awa uku tana karatu ba ta ɗaga kai ba. Duk injin da ke auna gamsuwa da daɗewa zai rubuta cewa wannan shafi ya biya buƙata. Bai yi ƙarya ba, labarin ya yi daɗi. Sai dai gumin wata ne aka zuba a asusun wani. Awon ya san an ji daɗi, bai san wa ya dafa ba.

Zato na uku: duk mai son abu zai nuna shi

Wannan shi ne namu. Ɗan Yawo ba ya tafiya sai inda aka shimfiɗa masa mahaɗi. Haka ma manhajar da ke zagaya shafuka tana kwaso su, wadda masu sana'ar ke kira gizo-gizo, ba ta bin komai sai zare. Mu kuwa Hausawa karatunmu ya yi yawa, zarenmu ya yi kaɗan. In labari ya burge mu, turawa muke yi. Mu kwafe shi mu watsa a zaure, mu mayar da shi fayil mu aika wa ƙawa, mu ɗauki hoton allo mu sa a sitatus. WhatsApp tun 2016 saƙonninsa a kulle suke daga mai aikawa zuwa mai karɓa, gizo-gizo ba ya shiga. Rufaffun zaurukan Facebook da Telegram ma ƙofarsu a rufe take gare shi. Littafin da mutum dubu goma suka tura wa juna, a idon lissafin 1998 ƙuri'arsa sifiri ce.

Da wannan na samu amsar Yayata. In injin ya tarar da rubutu iri ɗaya a wurare da yawa, yakan zaɓi guda ya ɗauka a matsayin na asali, bisa alamun da yake gani. Ita kuwa nata asalin ba ya kan buɗaɗɗiyar yanar gizo ko kaɗan. Ba a kayar da ita a zaɓen ba, sunanta ne babu a takardar ƙuri'a. Wanda ya kwafe daga zaurenta ya manna a shafinsa, shi ne farkon wanda gizo-gizo ya gani riƙe da kayan.

Akwai kuma batun haruffa. Na taɓa gina ƙaramin wurin bincike na wani rumbun labaran Hausa, na sha wuya a kan ƙ da ɗ da ɓ. A tsarin Unicode, wanda kwamfutoci ke adana rubutu da shi, harafin Faransanci é ana iya raba shi gida biyu, e da alamar kansa, don haka cire alamar abu ne mai sauƙi. Amma ƙ harafi ne mai zaman kansa, ba ya rabuwa. In ba ka zauna ka koya wa manhaja da hannu ba, "ƙauna" da "kauna" da "k'auna" da "qauna" kalmomi huɗu ne a wurinta. In kuma ka haɗe su ido rufe, ka haɗa ƙasa da kasa, ka haɗa ɓata da bata. Ƙara da cewa a Nijeriya 'y muke rubutawa, a Nijar ƴ. 'Yar ƙuri'ar da muke da ita ma ta rabu gida-gida.

Ga rashin dawwamar masauki. Marubuta da yawa, har da na Hausa, sun sa littattafansu a OkadaBooks, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. In dandali ya rufe, duk mahaɗin da aka taɓa yi zuwa shafukansa ya zama hanyar da ba ta kai ko'ina, nauyin da aka tara shekara da shekaru ya bi ruwa.

Mai son ganin bambancin turawa da nuni ya dubi Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. Tun 1990 ake karanta shi da Hausa, ana aro, ana haya, ana ba da labarinsa a tsakar gida. A 2012 kamfanin Blaft na Indiya ya buga fassarar Aliyu Kamal ta Ingilishi, sai ga sharhi a jaridu da mujallun Ingilishi, wannan yana nuna wancan. Littafin bai ƙara daɗi a 2012 ba. Masu nuni ya samu, irin waɗanda Ɗan Yawo ke iya bin sawunsu.

Ratayen da marubutan suka manta

A ƙarshen takardar akwai ɗan rataye kan talla, kuma a wurina shi ne shafi mafi gaskiya a cikinta. Brin da Page sun yi hasashen cewa injin binciken da ke ci da talla zai karkata ga masu talla, ya bar buƙatar mai nema. Har misali suka ba da: a injinsu, in ka nemi wayar salula, cikin abin da ke fara fitowa akwai wani bincike kan haɗarin magana a waya ana tuƙi, abin da mai sayar da waya ba zai so ba. A Oktoban 2000 kamfaninsu ya fara sayar da talla ta AdWords.

Adalci shi ne a faɗi cewa talla daban take, da alamarta, kuma Google ya daɗe yana cewa kuɗi ba ya sayen matsayi a jerin asali. Amma allon waya ɗan ƙarami ne, abin da ya tare sama ya tare ido. Sannan kuɗin talla da ke yawo a intanet gaba ɗaya shi ya mayar da kowace latsawa riba, shi ya sa satar labarin wata ta zama sana'a. Tun Mayun 2024 kuma aka fara ɗora amsar da ƙirƙirarriyar basira ta taƙaita a saman sakamako, mutum ya karanta ya wuce bai latsa komai ba. Injin da mahaɗi ya yi wa riga da wando, shi ne yanzu ke rage wa mutane dalilin bin mahaɗi. Ita ma basirar daga rubutun da gizo-gizo ya iya kaiwa gare shi take koyo, don haka wanda bai shiga ƙirgar farko ba, da wuya ya shiga ta biyu.

Hukuncina

Takardar 1998 ta yi alƙawarin awon muhimmanci wanda babu son rai a cikinsa. Abin da ta iya aunawa shi ne hankalin masu al'adar nuni, a harsunan da suka riga suka cika yanar gizo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma ba shi ne darajar rubutu ba, kuma kuskurenmu ne in muka ɗauki shafin farko na sakamako a matsayin hukuncin malamai. Yayata ta yi gaskiya da ta ce lissafin ba shi da adalci, in dai adalci shi ne a ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Ni ma na yi gaskiya da na ce babu kowa a zaune. Makaho ne aka ba alƙalanci, yana yanke hukunci da abin da ya shafa.

Tunda haka ne, sai a miƙa masa abin da zai shafa. Marubuci ya samu gida guda a buɗaɗɗiyar yanar gizo, ko na kyauta ne, mai adireshin da ba ya canjawa. Ya sa sunan littafi da sunansa da kwanan wata da babi ɗaya ko biyu, da rubutu na gaske ba hoton rubutu ba, kuma ya sa su can kafin ya saki labarin a zaure. Ya tsaya kan rubutun suna iri ɗaya. In an sace, akwai fom na neman a cire shafin daga sakamako bisa dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1998, kuma tun 2012 Google ya ce yawan irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe masu inganci na jawo wa shafi faɗuwa. Mai gida a fili shi ya fi sauƙin nuna cewa kayan nasa ne. Kada kuma a biya masu cewa za su kai ka na ɗaya cikin mako guda, su ne dillalan da muka yi magana.

Babban nauyin dai a wuyanmu yake, mu masu sharhi da mujallu da masu karatu. Mun daɗe muna kukan cewa adabin Hausa ba shi da isassun manazarta. Yanzu kukan ya samu fuska ta biyu: kowane sharhi da aka rubuta a fili, aka ambaci marubuci da sunansa, aka sa mahaɗi zuwa gidansa na asali, ƙuri'a ce da na'ura ke iya ƙirgawa. Mujallar da ke ƙyashin nuna 'yar'uwarta, tana tsoron kada mai karatu ya gudu, kanta take cuta. Tura fayil ga mutum ɗari alheri ne ga mutum ɗarin. Nuni guda a buɗaɗɗen shafi kuwa alheri ne ga marubuciyar, da baƙon da zai zo nema bayan shekara goma.

Asabar da ta biyo baya na koma da kwamfutata, muka buɗe wa Yaya shafi. Muka sa sunayen littattafanta da shekarunsu da babin farko na kowanne. Ta sanar a zaurukanta uku cewa duk mai shafi ko mai rubuta sharhi ya nuna can. Biyu suka yi a makon farko. Har yau ba ta hau na ɗaya ba, ɓarayin sun riga ta kwana. Amma in ka rubuta sunan littafin yanzu ka ɗan gangara ƙasa, za ka gan ta, da sunanta a rubuce daidai, da ƙugiyarsa.

Da na nuna mata, ta daɗe tana kallon wayar, sannan ta ce, "To yanzu saura su sauko."

Na ce, "Yaya, wannan kuma sai masu karatunki sun kaɗa ƙuri'a."